Muhawara: An kawo mini aikin sassaƙa fuskokin dodannin Bwa, in karɓa?

Mai Gizago:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Sana'ata sassaƙa, kuma gadonta na yi. Turmi, taɓarya, akushi, allo, kujerar tsuguno, ƙotar fartanya, su nake yi. To wani ɗan kasuwa ya turo mini hotunan wasu fuskokin dodanni na itace, dogaye masu faɗi, an zane su da fari da baƙi da ja. Ya ce na mutanen Bwa ne na ƙasar Burkina Faso, yana son in sassaƙa masa irinsu ya kai otal-otal da shagunan kayan ado a Abuja da Legas. Kuɗin da ya ambata sun fi na turame da yawa. Tambayata biyu. Da wane ice ake yin su, kuma me ake shafa musu, don ko a hoto na gane ba fentin gwangwani ba ne? Ta biyu, ya halatta Musulmi ya sa hannu a wannan aiki? Ban ba shi amsa ba tukuna.

Ɗan Sunna:
Wa alaikumus salam. Baba, ta biyun ita ce tambaya, ta farkon ba ta da amfani. Gumaka ne. Ka ce masa a'a, shi ke nan.

Uwar Ɗalibai:
Ɗana, bari a amsa masa duka biyun. Mutum ba zai san abin da zai ƙi ba sai ya san mene ne shi.

Malam Mai Gizago, tarihin fasahar Afirka nake koyarwa, kuma waɗannan fuskoki suna cikin abin da na fi daɗewa a kai. Bwa manoma ne, suna yammacin Burkina Faso har zuwa cikin Mali. Irin wadda aka turo maka sunanta nwantantay, kuma ta Bwa na kudu ce, garuruwa irin su Boni da Dossi da Pa da Bagassi. Icen da aka fi amfani da shi ka san shi sarai: rimi ne da danginsa irin su gurjiya. Dalili shi ne rashin nauyi. Wasu fuskokin tsawonsu ya kusa mita 2, ta maciji ma takan wuce mita 4, kuma saurayi ne zai ɗora ta a ka ya yi ta juyi da tsalle cikin rana. A bayanta akwai igiya mai kauri da aka gitta wadda yake cizawa da haƙora don ta tsaya, ta ramin bakin kuma yake gani. Ka ga ke nan ƙiryar da kake turmi da ita ba za ta yi ba, wuyan mutum za ta karya.

Daga gungume ɗaya ake fitar da ita, ba haɗi ba ƙusa. Galibi maƙeran gari ne ke sassaƙawa, da gizago manya da ƙanana, sannan a bi da wuƙa a fitar da zanen. Zanen ba a kan shafaffen katako ake yin sa ba, sai an ɗan rarake shi ya yi tudu da kwari, shi ya sa ko launi ya goge ba ya ɓata.

Launi uku ne. Baƙin daga 'ya'yan bagaruwa ake samun sa, a tafasa su har ruwan ya yi kauri. Jan kuwa wani jan dutse ne mai ƙarfe a jikinsa, a niƙa shi ya yi laushi a kwaɓa da ƙaro ko ƙwai. Farin farar ƙasa ce, a da kuma har kashin ƙadangare yara ke tarawa a yi shi da shi. Rigar da ke rufe mai rawa daga wuya har ƙasa zaren rama ce.

Baduku:
Tsaya, Malama. Bagaruwa? Rama? Ai kayan aikinmu kika lissafa. Da bagaruwa ake jeme fatar da nake ɗinkawa kullum. To ita ramar da me suke rina ta? Na ga a hotuna akwai ja akwai baƙa.

Uwar Ɗalibai:
Jan daga jikin karan wata irin dawa suke samun sa. Baƙin kuma su tura zaren cikin taɓon fadama ya kwana biyu.

Baduku:
To karan dafi ke nan, ko ɗan'uwansa. Shi muke dakawa mu jiƙa da ruwan toka mu rina jar fata, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ketare Sahara da ita daga Kano da Sakkwato. Shi kuma taɓon fadama na gane sirrinsa: akwai ƙarfe a cikinsa. Duk abin da ya sha ruwan bagaruwa, in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake komawa. Mu kashin maƙera muke jiƙawa ya yi tsami mu sami kuloko, baƙin rinin fata, su kuma fadama ta hutar da su. Wallahi abin ya ba ni mamaki. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba, amma da za a zaunar da ni gaban tukunyarsu na san abin da zan yi.

Ɗan Sunna:
Kamannin kayan aiki ba ya halatta aiki. Ƙarfen da ake ƙera garma da shi ake ƙera wuƙar ɗan fashi.

Direban Bobo:
Salamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, na sha bin hanyar Wagadugu zuwa Bobo-Dioulasso, kuma Boni a bakin wannan titi take, tsakanin Pa da Hunde. Ina so in ce wa Malama, na itacen da ake ta magana ba su ne suka fi tsaya mini a rai ba. Na ganye ne.

Lokacin bazara ne, kafin ruwan fari, zafi ya kai zafi. Mun tsaya gyaran taya a gefen wani ƙauye sai ga su sun fito daga daji a jere. Ba ka ganin ko yatsan mutum. Tun daga ka har tafin ƙafa ɗanyen ganye ne shar, an ɗaure shi tam da igiyar daji, a kai kuma an kafa tuntu na busasshiyar ciyawa da fuka-fukan tsuntsu farare. In ya juya sai ka ji ganyen na ƙara, ƙanshin ɗanyen ganye ya bugo ka. Wani tsoho mai sayar da fetur a kwalba ya ce mini da asuba ake shiga daji a naɗa su, kafin dare a koma a kwance a lalata. Gobe in ana so sai a sake sabo. Na ce masa duk wannan wahala don yini ɗaya? Ya ce haka abin yake tun kakanni.

Uwar Ɗalibai:
Madalla, Malam Direba, gani ya kori ji. Waɗannan su ne bieni, kuma su ne na asali. Kusan duk ƙasar Bwa an san su, har da arewa wajen Dedugu inda na itace ba su da yawa. Da farko ana naɗe jikin mutum da igiyar wata kurangar daji, zagaye bayan zagaye, sannan a riƙa cusa ƙananan damman ganye a ƙarƙashin igiyar, galibi ganyen kaɗanya, wanda a daidai wannan lokaci yake sabon toho. A aƙidarsu na Do ne, wanda suke ɗauka ɗan mahaliccinsu ne kuma mai kula da daji da sabuntar tsiro. Shi ya sa dole kayan su zama ɗanyu, dole kuma su koma inda suka fito.

Na itacen baƙi ne a wurinsu. Wani Ba'amurke, Christopher Roy na Jami'ar Iowa, wanda ya shafe shekaru yana bincike a yankin, ya nuna cewa Bwa na kudu sun karɓo su ne daga maƙwabtansu Nuna da Winiama wajen ƙarshen ƙarni na 19. Zamani ne na masifa a kan masifa: mahara masu kama bayi, yunwa, cuta, ga sojojin Faransa sun shigo wajen 1897. Wasu gidaje suka ga kamar abin da suka dogara da shi ya juya musu baya, sai suka nemi na maƙwabta. Har yau akwai garuruwan da masu ganye da masu itace ba sa ga-maciji, masu ganye na ganin su ne riƙe da gaskiyar gado. Kuma waɗannan mutane ne suka shiga yaƙin Volta-Bani na 1915 zuwa 1916, ɗaya daga cikin tawaye mafi girma da aka yi wa Faransa a Afirka. Ba mutanen wasa ba ne.

Ɗan Sunna:
Kin ga da bakinki kin faɗa, Mama. "Ɗan mahalicci." Subhanallah. Me ya rage kuma?

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. Yaro, kishinka mai kyau ne, amma fatawa ba a yin ta da gaggawa, kuma Malama labarin aƙidar mutane ta ba mu, ba ta ce mu bi ba. Mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne.

Mas'alar hawa biyu ce. Hawa na farko shi ne surantawa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa masu suranta abu mai rai suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar alƙiyama. Malamanmu na Malikiyya suka yi bayani cewa haramcin ya fi tabbata ga sura mai inuwa, wato mai jiki ba zane a bango ba, ta abu mai rai, kuma mai cikakkun gaɓɓai. In an rage mata abin da mai rai ba zai rayu ba sai da shi, hukuncin ya sassauta a wurinsu. Aka kuma togace 'yar tsana ta yara mata, saboda Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da a nan maganar ta tsaya, da wani zai ce ai fuska ce kawai ba gangar jiki, akwai sarari.

Amma akwai hawa na biyu, shi ne abin da aka yi abin dominsa. Wannan siffa ba don ado aka ƙirƙire ta ba. Masu ita suna yanka mata, suna neman kariya da haihuwa ta wurinta. Wanda ya sassaƙa ta don a yi mata haka, babu saɓani ya yi haram babba. Wanda ya kwaikwaye ta don a rataya a bangon otal bai yi shirka ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba, sai dai ya shiga shubuha, kuma ni ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya ci abinci daga nan ba alhali yana da sana'a mai tsabta a hannunsa. Wannan ra'ayina ne. Ka kuma je wa malamin garinku wanda ya san halinka.

Abu ɗaya nake roƙon zaure: kada a zagi mutanen. Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa.

Mai Gizago:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Allah ya ƙara ilimi.

Alhaji Na Abijan:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja, amma da ladabi. Na yi shekaru ina wannan kasuwa a Abijan kafin ƙafa ta hana ni yawo. Duk wanda ya san Treichville da kasuwar Plateau ya san su wa ke riƙe da cinikin kayan sassaƙa: mu ne Hausawa, na Nijar da na Najeriya, da 'yan Senegal da 'yan Mali. Kusan dukkanmu masu salla. A tsakaninmu itace muke ce musu, ba mu taɓa ɗaukarsu wani abu ba. Da wannan itacen mutane suka gina gidaje, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali. Yanzu a ce duk waɗannan bayin Allah shubuha suka ci?

Kuma ku sani, abin da ke kasuwa kaɗan ne ƙwarai aka taɓa rawa da shi. Sabo ne ake yi don Turawa. A Fumban ta Kamaru akwai masu sassaƙa da za su yi maka na kowace ƙabila in ka nuna musu hoto. Fuskar da ba a taɓa yanka mata kaza ba, ba a taɓa kai ta daji ba, me ya raba ta da kujera?

Baban Gloriya:
Alhaji, ka gafarce ni, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Baturen ba sabo yake nema ba, tsoho yake nema. Yaya ake yi sabon ya tsufa?

Alhaji Na Abijan:
Ba zan ɓoye ba, ana yi. A rataya shi a madafa hayaƙi ya dafa shi wata da watanni. A shafa man kaɗe da toka. A binne shi kusa da suri gara ta ɗan lasa. A goge wajen goshi da haɓa ta ciki da tsumma mai maiƙo don ya yi kamar gumin mai rawa ne ya cinye wurin. Wasu har ɓalle kunne suke yi su ɗinke da waya. Ni dai in an tambaye ni ina faɗin gaskiya, amma ba kowa ba.

Malam Na Zaure:
To Alhaji, wannan kam ba sai an buɗe littafi ba. Algus ne, ko da turmi aka yi wa haka. Amma maganar mutanen da suka wuce, ban yanke wa kowa hukunci ba. Wanda ya tambaya kafin ya shiga shi nake ba amsa.

Baban Gloriya:
Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, kuma abin da ya sa na sa baki shi ne mu ma mun bi ta wannan hanyar. Kakana ya shiga Abwoi, abin da ku kuke kira dodo. Namu ya fi ƙarfi a murya: da dare za ka ji ta daga kurmi, mata da yara su shige ɗaki. Yanzu ba sirri ba ne, bututu ne ake rufe bakinsa da farin yanar gizo-gizo, irin wadda yake ajiye ƙwansa a ciki, in an yi magana ta ciki sai murya ta canza ta yi rawa. Masu fitowa fili kuma ganye da ciyawa suke sawa. Da mishan suka zo, iyayenmu suka bari, wasu suka ƙona kayan da hannunsu. Ban ce a koma ba, ni kaina ba zan koma ba. Amma abin da ke damuna, tare da kayan aka ƙona sanin da ke cikinsu. Wace ciyawa ce ba ta karyewa in ta bushe, wace igiya ce ba ta yanka fata, wane wata ake yankan ta. Kakana ya san duk wannan. Ni da nake jikansa sai dai in je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, in leƙa kayan mutanen yankinmu ta bayan gilashi.

Direba, kai da ka bi Boni, ka lura da cocin Katolika na garin? An ce gabansa da siffar wannan fuskar aka yi shi.

Direban Bobo:
Ƙwarai kuwa, da zanen da komai. Na yi mamaki ranar da na fara gani.

Ɗan Sunna:
Ku kuna da hanyarku. Mu Hausawa Musulmi ba mu da alaƙa da irin waɗannan abubuwa, Shehu Usmanu ya riga ya raba mu da su.

'Yar Zango:
Ƙanena, a hankali dai. Ni a Wagadugu aka haife ni, iyayena 'yan unguwar Zangouettin ne, tsohon zangon Hausawa da aka rushe a 2003 don sabunta tsakiyar birni. Ka tambayi duk wanda ya tashi a garin me ake kira Dodo. Wasan yara maza ne na dararen azumi, kuma Mosawa, 'yan asalin garin, da kansu suna cewa fatake Hausawa ne suka kawo shi. Yayyena sun yi. Tun kafin watan ya kama za su nemo ƙwarya, su huda idanu, su liƙa kunnuwa ko ƙaho, su shafa farar ƙasa da gawayi, wannan biri, wannan zaki, wannan barewa. A ɗaura gwangwanaye da tsakuwa a ƙafa, mutum ɗaya ya zama maharbi da baka. Bayan an sha ruwa su bi gida-gida suna waƙa ana ba su sadaka. Labarin da ake ba mu shi ne na wani maharbi da ya ƙi jin magana ya tafi farauta ranar Juma'a, aka mayar da shi dabba mai wutsiya. Ka ga wa'azi ne ma a cikinsa. Ɗan'uwan tashe ne, ba wani abu ba. Daga baya kwali da fenti suka maye gurbin ƙwarya, har gasa ake shiryawa.

A Bobo kuma akwai wata al'umma da ake kira Zara, Musulmi ne, suna da dodanni farare na yadi da ke fita da dare in wani babba ya rasu.

Malam Na Zaure:
Wannan na yara da kika faɗa, 'yata, hukuncinsa daban. Ba a yanka masa, ba a roƙonsa. Shi ya sa na ce a riƙa duba abin da aka yi abu dominsa.

Uwar Ɗalibai:
Ina so in koma kan tambayar Alhaji, don ta cancanci amsa: me ya raba sabuwar fuska da kujera?

Zanen da ke jikinta karatu ne. Ɗakunan nan fari da baƙi da ke jere, dattawan Bwa suna fassara su ga samari lokacin da ake shigar da su cikin manya: baƙin shi ne tsohuwar fatar akuya da dattijo ke zama a kai wadda ta yi duhu don daɗewa, farin sabuwar fatar yaro, wato mai sani da wanda bai sani ba tukuna. Layin da ke tafiya a karkace hanyar kakanni ce, mai wuyar bi. Ƙugiyar da ta fito a saman fuskar bakin tsuntsu ne. Kowace fuska tana da suna, tana da gidan da ya mallake ta, tana da waƙarta da kiɗanta, tana da labarin ranar da kakan gidan ya gamu da abin da ya gamu da shi a daji.

Kuma ba a gama ta rana ɗaya. Bayan an kawar da amfanin gona akan kai fuskokin rafi a jiƙa su, ruwa ya kashe ƙwarin da ke cin icen ya wanke ja da fari. Baƙin bagaruwa ba ya fita. Sai samari su zauna su sake shafawa, a nan ne ake koya musu ma'anar kowane layi. Shekara bayan shekara baƙin na hawa kan baƙi har ya yi tudu, masana ma da kaurinsa suke gane tsufan fuska. Wannan shi ne abin da hayaƙin madafa ke ƙoƙarin yin ƙaryarsa.

Don haka ni damuwata ba irin ta Malam ba ce, ko da yake mun haɗu a amsa. In Malam Mai Gizago ya kwafa daga hoto, zai sa ɗaki bakwai inda ake sa tara, ya juya ƙugiya sama don ta fi kyau a idonsa, mai otal ya rataya ya ce wa baƙi ga al'adar Bwa. Su kuwa maƙeran da abin yake nasu, waɗanda su ma suna sassaƙa na sayarwa, an ƙwace musu ciniki a lokacin da suka fi bukata. Rashin tsaro ya kori masu yawon buɗe ido daga yankin. Bikin FESTIMA na Dedugu, wanda aka fara a 1996, dodanni ke zuwa daga ƙasashe da dama, yana cikin wuraren da suke samun kasuwa, ga halin da yankin ya shiga. In ɗan kasuwan nan da gaske yake, ya nemi masu abin ya saya a hannunsu.

Alhaji Na Abijan:
Hajiya, maganarki ta shiga, amma kasuwa ba ta san wannan ba. Kuɗin mota daga Boni zuwa Legas, da kwastan, da abin da zai karye a hanya, ya ninka kuɗin sassaƙawa a gida. Kuma ke da kanki kin ce Bwa ma aro suka yi daga Nuna. In su sun ara, don me Bahaushe ba zai ara ba?

Uwar Ɗalibai:
Sun ara da izinin masu shi, Alhaji, suka biya, aka koya musu abin da ke tafiya da shi, suka ɗauki nauyinsa. Ba hoto aka turo musu a waya ba.

Alhaji Na Abijan:
To na ji. Amma ki rubuta ki ajiye, in wannan bawan Allah ya ƙi, kafin sati ɗan kasuwan ya sami wani.

Shugaban Zaure:
Jama'a, an goge saƙonni biyu da suka zagi wata ƙabila. Duk wanda ya maimaita za a fitar da shi. A ci gaba.

Mai Gizago:
Na gode wa kowa. Na kira mutumin na ce masa ba zan yi fuskar ba. Maganar Malam ta zauna mini, ta Malama kuma ta ƙara mini dalili. Ya sami wani, Alhaji, wannan tsakaninsa da shi. Na ce masa in yana son kayan bango, zan yi masa faifan rimi da zanen dagi da irin zanen da muke yi wa ƙwarya da ƙofofin da, ya ce in yi ɗaya ya gani.

Abin da ya rage mini shi ne launin nan. Mu da wuta da man kaɗe muke baƙanta akushi, ban taɓa gwada bagaruwa a kan ice ba. Malam Baduku, yaya zan yi?

Baduku:
Ka samo busassun 'ya'yan bagaruwa, waɗanda suka nuna sosai, ka daka ka fitar da ƙwallon. Ka jiƙa garin ya kwana, ka tace, sannan ka ɗora a wuta marar ƙarfi a tukunyar ƙasa. Kada ka yi gaggawa, sai ya ƙone ya rage kaɗan, ya yi kauri kamar kwalta. In kana son baƙin ya yi ƙirin, ka jefa ɗan kashin maƙera ko tsohuwar ƙusa mai tsatsa tun yana tafasa. Da gashin kaza za ka shafa, siriri, ka bari ya bushe a inuwa kafin ka ƙara wani. Rimi yana shan ruwa sosai, shafin farko zai ɓace a cikinsa, kada ka ce bai yi ba. Amma ka bar shi a kayan bango da bayan akushi, kada ka sa a cikin da tuwo zai taɓa, yana da bauri.

Direban Bobo:
Kuma ka sare rimin da rani, ka rataye faifan nesa da ƙasa. Gara ba ta raga masa.

Mai Gizago:
Wannan kam na sani, Malam Direba. Farar ƙasa fa, Malam Baduku, ƙaro nawa ake sa mata don kada ta zube?

Baduku:
Ka jiƙa ƙaron ya narke ka tace tukuna. Ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana gwadawa a guntun ice. In ya bushe ka goga yatsa: in fari ya biyo yatsanka ka ƙara ƙaro, in ya tsattsage ya yi yawa, ka ƙara ƙasa.